Ƙusar Malam Milimetir

Kowace safiya, kafin Ɗela ta gama dama koko, sai uwarta ta leƙo daga ɗaki da sandarta ta ce, "Ke, yau ba za mu garka ba?" Ɗela kuma ta ce, "Gobe, Inna." Shekara biyu ke nan suna haka, tun da tsufa ya fara taɓa tunanin tsohuwar. Garkar da take nufi tana can kwarin Guci, mai dabino bakwai da rijiya da fegin rake, kuma rabonta da zama tasu shekara ashirin, tun wata shekarar yunwa da mahaifin Ɗela ya sayar da ita ya sayi hatsi. Inna ta manta da cinikin, ta manta ma mijin ya rasu, amma garka na nan daram a kanta. Ita kuwa Ɗela, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Dungas, wadda ba a taɓa kama ta da algus a kwalba ba, wannan ƙaryar ta kullum tana ci mata rai ƙwarai.

Ana tsakiyar bazara sai ga Baba Ɗantsoho ya yi sallama a ƙofar gida. Shi ne wanda ya sayi garkar a wancan lokacin, yanzu kuma gwiwa ta gaza, ƴaƴansa sun matsa masa ya koma wurinsu Damagaram. Ya sha ruwa, ya huta, sannan ya ce, "Ɗiyata, zan sayar da wurin nan. Wani Alhaji daga Maigatari ya taya, amma na ce sai na fara jin bakin masu ita na asali. Miliyan biyu da jika ɗari bakwai. Na ba ki har a gama yankan gero, daga nan kuma kada ki ga laifina."

Ɗela ta yi godiya har da durƙuso, ta cika masa kwalba biyu na mai. Yana fita ta shiga ɗaki ta jawo wani tsohon tulu da ba a sa masa ruwa, ta zura hannu ta ciro gwangwanin madara. Abin da ta tara a shekara ashirin da biyar na bakin murhu yana ciki: ƴan kunne, zobba, da sarƙa guda, duk zinariya. Ba ta taɓa sa su ta je biki ba. Duk shekarar da mai ya yi riba sai ta sayo kaɗan ta jefa a ciki ta rufe.

Ranar kasuwar Magarya ta shiga mota ta kai wa Alhaji Laminu, mai ƴar rumfar zinariya da gilashi a gaba. Ya goga, ya ɗora a ma'auninsa, ya ce giram arba'in ne cif, giram kuma yau jika arba'in da biyar, kowace jika sefa dubu, wato miliyan ɗaya da jika ɗari takwas. Ɗela ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ba ta buƙatar takarda ta san saura jika ɗari tara, kuɗin da ko ta kwana tana tuyar ƙuli-ƙuli har kaka ba za ta gan shi ba. Ta ɗaure kayanta a bakin zane ta dawo gida.

To, bari in gaya muku waye mijinta, don shi ne ya rikita lamarin. Malam Muttaƙa ya yi shekara talatin yana aikin meteyo, wato auna ruwan sama. Akwai wani gwangwani a kan sanda a bayan meri, wato ofishin magajin gari, kullum ƙarfe takwas na safe zai je ya juye abin da ke ciki a kwalbar awo ya rubuta a kaye, wato littafinsa. In manomi ya tare shi ya ce, "Malam, za a yi ruwa gobe?" sai ya ce, "Ban sani ba, amma jiya an yi milimetir goma sha biyu." Da haka sunan Malam Milimetir ya bi shi har jikokinsa suka ɗauka sunan yanka ne. Da ya gama aikin gwamnati hannu ya ƙi zama. Farashin gero yake rubutawa, da na fetur, da na zinariya, don shi da Laminu ajinsu ɗaya a lakwal, kuma duk ranar kasuwa sai ya kira shi a tarho ya tambaya. Mutumin da bai mallaki ko zoben azurfa ba, amma yana da farashin zinariya na shekara uku a jere. Ɗela ta sha cewa da biyan kuɗi ake yi wa rubutun banza, da sun yi bene.

Ta ba shi labari, ta ce ita ta yanke shawara: za ta sayar yanzu tun tana da tsada, ta juya kuɗin a mai da kiwo, ko Allah zai sa su kai rabin abin da ya rage, sauran ta roƙi Baba Ɗantsoho.

Muttaƙa ya gyara tabarau ya buɗe kaye. Ya ce, "Kada ki sayar."

"Malam, ba ta taɓa tsada irin ta yau ba. Laminu da bakinsa ya faɗa."

"Satin jiya ma haka ya faɗa, da wanda ya gabace shi. Duba nan, sati tara ke nan tana hawa. Lokacin da nake aiki, manoma kan zo bayan ruwan farko su ce mu shuka? In ce su dakata sai an jera uku ƙasa ta jiƙe sosai. In damina ta kama kuwa, ba na cewa kowa ya ajiye hauya don an yi rana kwana biyu. Wannan ta riga ta jera tara. Ban san inda za ta tsaya ba, Laminu bai sani ba, masu maganar a rediyo ma ba su sani ba. Mu dai mu bi ta a baya, har ranar da ta nuna mana ta juyo."

"In ta juyo ta taka mu fa?"

"Za ta taka mu, amma kaɗan. Zo ki gani."

Ya ɗauko gawayi ya je bangon tsakar gida, kusa da madafa, ya ja layuka daga ƙasa zuwa sama, tsakanin kowane biyu faɗin yatsu biyu, kowane layi jika ɗaya. Ya kafa ƙusa a layin arba'in da biyar, ya ɗaura mata zare mai tsawon layi huɗu, a ƙarshen zaren ya rataya ƙwallon goruba. Sannan ya ce kowace ranar kasuwa za su sa alama da alli a farashin ranar. In alli ya wuce ƙusa, a cire ƙusa a kafa ta a sabon wurin, goruba ta bi ta sama. Ƙusa ba ta taɓa sauka, ko da wasa. In kuwa farashi ya faɗo har alli ya taɓa goruba, a ranar za a sayar, ba shawara, ba jiran sati mai zuwa.

Ɗela ta dubi bangon da ta sha wuya ta yaɓe da hannunta, ta dubi mijin. Ta ce, "Wato garkar uwata ka rataya a ƙwallon goruba."

"Mafi munin abin da zai faru, ki yi asarar jika huɗu a giram. Shi ma mun san shi tun yau."

Ta yi tsaki ta shiga madafa. Amma ba ta sayar ba, kuma ita kanta ba za ta iya gaya muku dalili ba, sai dai ta san a shekara talatin ba ta taɓa jin mutumin nan ya ƙara milimetir ɗaya don ya faranta wa wani ba.

Sati ya zo, ƙusa ta hau layi ɗaya. Wani satin ta tsaya, alli ya ɗan sauko ƙasanta, Ɗela ta kasa cin abinci. Na bayansa ta hau biyu. Kafin Babbar Sallah ƙusa na kan hamsin, kuma Ɗela ta fara wanke kwanoni a gefen da take iya hango bangon, tana yi kamar ba shi take kallo ba.

Da Sallar ta sayar da raguna uku da ta turke tun kaka, ta samu jika ɗari biyu da hamsin. Wannan kuɗin shi ne jarinta na gyaɗa duk shekara, ba ta taɓa shi ko da ciwo. Muttaƙa ya zauna a bakin turmi ya ce ta sayi giram biyar da shi.

Nan fa aka yi ta. Ɗela ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ka san da wa kake magana? Shekara ashirin da biyar ina sayen gyaɗa da kaka tana araha, in sayar da mai da bazara yana tsada. Da haka na aurar, da haka na sayi abin da ke cikin gwangwanin nan. Yau ka ce in sayi abu don ya yi tsada? Ko mahaukacin kasuwa ba ya haka."

"Gyaɗa kin san watan da za ta faɗi, don kowa zai girbe ya kawo. Wannan ba ta da kaka. In kika zauna jiran ta yi araha, kina iya jira har Baba Ɗantsoho ya yi shekara a Damagaram. Da giram arba'in sai ta kai sittin da bakwai da rabi kafin ki isa. Da arba'in da biyar, sittin ta ishe ki. Kuma goruba ɗaya ce ke tsaron su duka."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba sai ta bakin tuwo, wanda ta riƙa ajiye masa da ƙarfi. A na huɗu Inna ta leƙo ta yi tambayarta, Ɗela ta ce gobe, tsohuwar ta ce, "Rake zai bushe fa," ta koma ciki. Ɗela ta tsaya riƙe da ludayi har koko ya yi gudaji. Ranar kasuwa ta je Magarya ta sayo giram biyar a kan hamsin, tana ƙirga wa Laminu kuɗin kamar ana zare mata haƙori.

Labari ba ya ɓuya a unguwa. Mata suka fara shigowa aron rariya da ba su buƙata don su ga bangon. Wadda ta fi kowa zuwa ita ce Ƙande, ƙawar Ɗela tun suna amare, katanga ɗaya ta raba su. Ita ma tana da ƴan kunne giram goma, kuma ranar da farashi ya kai hamsin da ɗaya ta kai su ta sayar, ta sayo firigo ta fara ƙanƙara da zoɓo. Ta shigo da ƙulli biyu masu sanyi ta miƙa wa Ɗela ɗaya.

Ta ce, "Sha ki ji daɗin kuɗin da ya shigo hannu. Ke kuma ki zauna kina gadin goruba. In ta faɗo zan sake saye da araha, ki gani."

Ɗela ta sha zoɓon, kuma gaskiya ya yi daɗi, har ta ji haushin daɗinsa. Amma ƙusa ta ci gaba da tafiya: hamsin da uku, da biyar, da bakwai. Ƙande ta koma shigowa tana kallon bangon ta gefen ido, ta yi tsaki ta ce gawayin Malam ne ya karkace. Su yi ta dariya har Inna ta leƙo ta tambaya wa aka haifa.

Sai a tsakiyar damina abin ya juya. Muttaƙa ya kira Laminu, ya saurara, ya ɗauki alli ya sa a hamsin da biyar. Sati mai zuwa ya sa a hamsin da huɗu. Goruba na rataye a hamsin da uku, tsakaninta da alli yatsu biyu kacal. Ƙande ta ce ai dama ta faɗa. Wani ɗan'uwan Ɗela da ke Kano ya kira ya ce a can kowa sayarwa yake yi. Muttaƙa kuwa ya rufe kayensa ya ce, "Ba ta taɓa ba," ya fita masallaci abinsa, kamar ba jarin matarsa ne ke zubewa ba. Wallahi akwai ranakun da sanyin halin mutumin nan ya isa ya sa a jefe shi da muciya.

Da ranar kasuwa ta zagayo Ɗela ta ce za ta Magarya sayen kwalabe. Ta ɗaure gwangwanin a ƙugu ta shiga motar farko. Hanya duk taɓo, sau biyu suna sauka ana turi, tana tafe tana lissafi: a hamsin da huɗu ba ta isa garka ba, amma aƙalla ba ta koma inda ta fito ba.

Laminu ya auna ya ce, "Hajiya, yau ma hamsin da huɗu. In kina so in ƙirga miki yanzu. Ni dai ban san abin da gobe za ta yi ba."

Ya jawo aljihun tebur, ta ga ƙullin takardun jika goma-goma. Ta ɗora hannu a kan sarƙarta. Tsoro take ji ƙarara. Amma ta tuna wata uku da suka wuce a nan wurin ta so sayarwa a arba'in da biyar, kuma tsoron ranar da na yau iri ɗaya ne, ba abin da ya bambanta su. Ta tambayi kanta me ya canza a bango, ta ga babu.

Ta ce, "Alhaji, ba ta taɓa goruba ba."

"Wace goruba?"

"Ta gidanmu. Mayar min da kayana."

Laminu ya bi ta da kallo har ta fita, yana tunanin ko matar abokinsa ta fara bin sawun uwarta. Ta sayi kwalabe shida don kada ta koma da ƙarya. Ta iske Muttaƙa zaune da Inna a inuwa yana ɓare mata gyaɗa, tulun da ba a sa wa ruwa kuma an ɗan matsar da shi daga inda yake. Bai tambaye ta komai ba. Ya dubi ƙugunta, ya ga tudun gwangwani na nan, sai ya tashi ya haɗa mata shayi da kansa, har da sukari cokali uku, abin da bai taɓa yi ba tun tana jego na fari.

Sati biyu alli ya yi yana lilo a saman goruba, sannan ya ɗaga. Hamsin da shida, hamsin da takwas, aka ciro ƙusa aka ƙara gaba. Lokacin da gero ya fara fitar da kai ta kai sittin, Ɗela ta yi guɗa ita kaɗai a madafa har kaji suka watse. Kafin a fara yanka ta kai sittin da biyu, sai da Muttaƙa ya taka turmi ya kafa ƙusar.

Kuɗin garka ya cika ke nan har da ɗori. Kuna tsammani ta ruga Magarya? Ina. Matar da ta yi kwana uku tana gaba a kan giram biyar, ita ce yanzu ke tashin miji tun da sassafe ta ce ya kira Laminu. Ta ce ai saura sati uku a gama yankan gero, kuma goruba na can nesa. In ta kai sittin da biyar za a sa pano mai ɗaukar hasken rana da injin ban ruwa a rijiyar. In ta kai saba'in a kewaye garkar da waya, a sayi amalanke. Kwaɗayi ne ya shige ta, ba wani suna da za a ba shi, kuma mai daɗi ne, don kullum da dariya take kwana. Muttaƙa ya ce bisa ƙa'ida tana da gaskiya, muddin alli bai taɓa goruba ba a ci gaba da riƙewa. Karo na farko a aurensu suka zama baki ɗaya a kan kuɗi.

Wata safiya Ɗela ta dama koko, ta zuba na Inna a kwanonta, ta tsaya jira. Tsohuwar ta fito da sanda, ta zauna a tabarma, ta karɓi kwanon ta sha. Ta kalli kaji, ta kalli sama. Ba ta tambayi garka ba.

Ɗela ta ce, "Inna, ba abin da za ki tambaye ni?"

Tsohuwar ta dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙuwa mai kirki, ta ce, "Kokon ya yi daɗi, ƴar nan."

Kashegari ma haka. Ɗela ta gwada da kanta, ta ce, "Inna, rake fa?" Inna ta ce, "Wane rake?" Lafiyarta lau, ta ci ta sha, amma tambayar da ta yi shekara biyu tana damun Ɗela ta tafi, kuma Ɗela ta gane ashe ita ce abu na ƙarshe da ya rage wa uwarta na da. Hankalinta ya tashi fiye da ranar da alli ya kusa goruba.

Ta shiga ɗaki ta ɗauro gwangwani, ta yafa mayafi. Muttaƙa na zaune da kayensa.

"Malam, tashi ka raka ni Magarya."

"Yau ba kasuwa ba ce. Kuma dubi bango, layi huɗu cur tsakaninta da goruba. Hawa take yi, Ɗela."

"Na gani. Kwana biyu Inna ba ta tambayi garka ba."

Ya dubi tsohuwar da ke zaune tana wasa da bakin zanenta. Mutumin da bai taɓa karya ƙa'ida ba tun da aka ba shi gwangwanin meteyo ya rufe kaye, ya ɗauki hularsa, ya leƙa ta katanga ya roƙi Ƙande ta zauna da Inna.

A gida suka samu Laminu. Ya ce da shi ne da ya ƙara sati, Ɗela ta ce ya ƙirga. Giram arba'in da huɗu suka biya garka har da kuɗin mota. Ya rage wani siririn zobe na giram ɗaya, Muttaƙa ya sa hannu ya ɗauke shi daga ma'auni ya ce wannan a bar shi, don kada ƙusarsa ta rasa aikin yi. Kwana biyu bayan haka aka zauna gaban mai garin Guci da shaidu, Baba Ɗantsoho ya karɓi kuɗinsa, aka yi takarda a meri da sunan Ɗela. A satin nan zinariya ta ƙara jika uku, kuma Ƙande ba ta bari an kwana ba sai da ta shigo ta lissafa mata abin da ta yi asara, dala-dala. Ɗela ta ce ta ji, ta kawo zoɓo.

Ranar Juma'a da hantsi suka ɗauki Inna a mota zuwa Guci, daga bakin gari aka ɗora ta a amalanke a kan katifa. Duk hanya tana tambaya ina za a kai ta, ko asibiti ne, Ɗela na cewa a'a. Ɗela ta sayar da aikin shekara ashirin da biyar, kuma mai yiwuwa ta makara da kwana huɗu.

Amalanke ya gangara kwari, iska ta canza ta yi sanyi, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Aka tsaya a bakin shinge. Baba Ɗantsoho na ciki, ya zo kwashe tsofaffin kayan aikinsa. Aka sauko da Inna ta tsaya dogare da sanda, tana kallon dabinai bakwai ɗin da rake da ya fi mutum tsayi. Ta daɗe tana kallo, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ɗela ta riƙe hannun mijinta a gaban mutane ba ta ma sani ba.

Can tsohuwar ta ɗaga sanda ta nuna. Ta ce, "Wa ya bar bakin rijiyar nan a buɗe? Sai akuya ta faɗa?" Ta ture hannun mai amalanke ta shige, ba ta nemi hanya ba, ta bi kan kunya ta kauce wa wani rami da Ɗela ba ta ma gani ba. Ta taɓa rake ta ce an bar masa ganye da yawa. Ta ce shingen yamma aikin malalaci ne. Sannan ta juyo ta harari ƴarta. "Ke Ɗela, tun yaushe nake ce miki mu zo? Dubi rana."

Ɗela na dariya hawaye na zuba, ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Na makara."

Sai a lokacin Inna ta lura da tsohon da ke tsaye riƙe da guga da tsohuwar hauya. Ta gaishe shi da mutunci, ta tambaye shi daga ina, ya ce daga nan cikin gari, wucewa yake yi. Ta ce, "To ba ka fita garkata hannu sake. Ɗela, saro wa baƙon nan rake, mai kauri, na wajen rijiya ya fi zaƙi."

Ɗela ta karɓi adda ta saro guda biyu. Baba Ɗantsoho, wanda ya dasa raken nan da hannunsa ya yi masa ban ruwa wata bakwai, ya ajiye guga, ya rusuna ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Na gode, Inna. Allah ya ƙara albarka."

"Amin," in ji ta. "In ka sake biyowa ka shigo, kullum muna nan."